Ranar da Isiyaku Ya Tuƙa Mota a Asabar

Shekara talatin da biyar ke nan cif da muka binne Isiyaku mai sikeli a kusurwar gonata, gabas da Bagwai. Ban yi niyyar damun masu karatu da wannan tunawa ba, sai da Sani, ɗan ƙanena, ya kawo mini masu buga bulo suna son sayen gonar, da sharaɗin a baje tulin duwatsun da ke gindin ɗorawa. Da na ce kabari ne, sai Sani ya yi ƙasa da murya ya ce, “Baba, ai Bayahude ne.” Ya faɗa kamar wanda ya gano mini wani abin kunya da na daɗe ina ɓoyewa. To, ba na ɓoyewa. Bayahude ne, kuma abokina ne, ga shi na rubuta a jarida.

Kakansa ya zo Kano daga Tarabulus tare da fatake. Shi kuwa Isiyaku awon gyaɗa ya kawo shi garinmu. Da aka yi fari gyaɗa ta mutu, 'yan'uwansa suka tattara suka bar ƙasar, shi ya ƙi tafiya. Ya ce ya tsufa da koyon gaisuwar wasu mutane. Ya zauna da tsohuwar akori-kurarsa, wadda ita kaɗai ce mota a ƙauyen, yana ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwanni.

Mun sha tsokanarsa a kan ci. Ba ya haɗa nama da nono, har tukwanensa kashi biyu ne. In ya ci kaza aka miƙa masa fura, sai ya ce a ajiye masa sai an jima. Ba ya cin tarwaɗa, wai ba ta da ɓawo, ba ya cin zomo, kuma a shekarun da muke cin tafasa da dusa ma bai sassauta ba. Nakan ce masa yunwa za ta karya masa wannan taurin kai, shi kuma ya ce ai ya ga ni ma ban fasa azumi ba don rumbu ya ƙare.

Amma babbar dokarsa ita ce Asabar. Ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci shi yana wanke mota. Kafin rana ta faɗi ya yi wanka, ya sa farar riga, ya kunna fitilu biyu, ya rufe gurasa biyu da ƙyalle, ya ɗaga kofin ruwan zabibi yana karatu da harshensu. Daga nan ba ya hura wuta, ba ya taɓa kuɗi, ba ya tayar da mota, sai ya ga taurari uku ranar Asabar. Hakimi da kansa ya taɓa aikowa a ɗauke shi ran Asabar, Isiyaku ya ba ɗan aike haƙuri. Tun daga ranar kowa ya san wannan ƙofa a rufe take, muka daina ƙwanƙwasawa.

Wannan sanin ne ya kusa kashe mini mata. Hajara ta fara naƙudar cikinta na fari ranar Juma'a, har hantsin Asabar ba ta sauka ba. Ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi asibiti. Jakunanmu fari ya cinye su. Na tsaya a zaure ina tunanin motar Isiyaku, sai na ce a raina ba zan saka bawan Allah a tsaka mai wuya ba: in ya ƙi, zumunci ya lalace, in ya yarda, na karya masa addini. Kara na yi masa, irin wadda aka rene mu a kanta. Muka shimfiɗa Hajara a amalanke, ni da ƙanena muka tura, har muka zagaya ta bayan gidansa don kada ya gan mu ya ji nauyi.

Ashe yana zaune a inuwa da littafinsa, ya ji nishinta ta bayan danga. Ban taɓa ganin Isiyaku yana gudu ba sai ranar. Ya dubi Hajara, ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Habu, tun yaushe?” Na ce tun jiya. Ya ce, “Kuma ka zagaye gidana.” Na fara cewa ai yau Asabar ce, ya katse ni: “A wurinmu, in rai yana cikin haɗari, wanda ya tsaya tambaya ma ya yi laifi. Ɗauko ta.”

Da farar rigar ibadarsa ya tuƙa mu. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, da uwa da abin da ke cikinta duk mun rasa. Aka ciro 'ya mace, kuma tun kafin ranar suna mata suke kiranta Asabe, sunan da ya bi ta har yau. Shi kuwa da ya sauke mu bai koma gida ba. Haɗari ya wuce, doka ta dawo. Ya zauna gindin bishiya a harabar asibiti, ba ko kwabo a aljihunsa, bai ci komai ba sai da taurarinsa suka fito. Mako guda ya yi ba ya amsa gaisuwata da kyau. Abin da ya ɓata masa rai shi ne na ɗauka Ubangijin da yake bauta wa zai fi son hutunsa a kan ran Hajara.

Da ciwon ajali ya kama shi, bai bar mini doguwar wasiyya ba. A wanke shi, a naɗe shi da farin yadi, ban da akwati, kada a kwana da shi. In na zo wucewa kuma, in ɗora ƙaramin dutse, haka suke yi wa matattunsu. Liman ya ce ba za a sa shi a maƙabartarmu ba, ba kuma za a yi masa salla ba. Ban yi gardama ba, wannan gaskiyar addininmu ce, kuma Isiyaku da kansa ba zai so a yi masa abin da ba nasa ba. Na ba shi kusurwar gonata. Addu'arsu ta mamaci sai da maza goma nasu, shi ko ɗaya bai samu ba, wannan yana ci mini rai har yanzu.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yara suna ta muhawara a waya kan yaƙe-yaƙen ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, ni ma zuciyata tana ƙuna in na ga an zalunci mutane, ko su wane ne. Amma ba zan ɗora wa mutumin da ya rayu cikinmu, ya ji yunwa tare da mu, laifin abin da bai ji ba bai gani ba. Hisabinsa yana wurin Allah, ba a hannuna ko na Sani yake ba. Abin da ke hannuna shi ne amana. Ina jin kuma zai yi dariya ya ga muna da babura a kowane lungu, amma babu mai ranar hutu ko ɗaya.

Makon jiya na tara mai unguwa da shaidu, na yanke wannan kusurwa na mallaka wa Asabe. Ta zo da jikokinta, kowa da dutsensa a hannu. Mai son baje wurin ya je ya dubi idonta ya gaya mata. Ni dai na taɓa zagaye Isiyaku sau ɗaya, kuma ba zan sake ba.