Ranar da Na Kushe Kocin Kwalejinmu

A Doha ba a yin dambe a tashi a kakkaɓe riga a ce a yafi juna. In hannu ya taɓa mutum har jini ya fita, maganar ta bar hannun masu ita ke nan. Asibiti za su tambaya, ɗan sanda zai rubuta, takarda za ta isa wurin aikin mutum, daga nan kuma sai yadda kafil, wato ubangidan da ya tsaya wa mutum a kan takardar zama, ya ga dama. Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san haka, ni ma na sani. Shi ya sa har yau in na tuna wata Juma'a a Mu'aither nake jin kunyar kaina, domin a ranar aikin wani bawan Allah da zaman iyalinsa sun rataya a kan abin da zai fito daga bakina, ni kuwa tun ina yaro ba a yaba wa bakina.

A shekarun nan da duk inda ka waiga a Doha gini ake yi, muna da majalisa a gidan wani dattijo, malamin jami'a, da muke kira Alhaji. In an sauko daga masallacin Juma'a sai mu zarce can, mu biyar ko shida. Uwargidansa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka, a ci, a kawo shayi a filas, sannan a buɗe musu. Siyasa dai Alhaji ya hana, tun da wasu biyu suka yi wata uku ba sa ga maciji. Sai muka koma ƙwallo, ba ma ta Turai da kowa ke gani a talabijin ba. Ta makarantunmu na da muke tonowa, gasar kwalejoji ta jiha, wane koci ne ya iya aikinsa, wane ne kuma zuzuta shi kawai ake yi. Ka ga mutane da furfura a gemu suna ta da jijiyar wuya a kan wasan da aka buga a filin da rabinsa ƙaya ce.

Ni injiniya ne a wani kamfani a West Bay. Cikin 'yan majalisar akwai wani likitan yara da muka yi kwaleji ɗaya, ina gabansa da aji biyu. Mutum ne mai sanyi, 'ya'yansa huɗu duk suna makaranta a Al Rayyan. A kwaleji ni ina buga baya, shi kuma gola na biyu ne. In ana musu ba ya sa baki, sai dai ya yi murmushi yana juya kofin shayi a hannu. Akwai kuma wani mutumin Kumasi, ɗan zango, ƙato, mai gadi a wani dogon bene. Bai san ko ɗaya daga cikin masu horarwar da muke magana a kansu ba, amma ya fi kowa iya zuga.

Ranar mun fara ne cikin raha. Aka ɗauko kocin wata kwalejin gwamnati, wanda ke zuwa fili da littafi a hammata, yana karanta wa yara dabarun Turawa ana zura musu ƙwallo. Aka yi dariya aka ajiye shi. Aka ɗauko na makarantar koyon sana'a, wanda dabararsa ɗaya ce tak a duniya, a buga wa dogon yaron nan sama ya sa kai. Shi ma aka gama da shi. Sai wani Bakano da ke zuwa jefi-jefi ya ce duk a bar wasa, a duk jihar ba a taɓa yin koci kamar na kwalejinmu ba, kofi bayan kofi yake kawowa.

Nan fa raina ya tashi. Na ajiye kofina na ce suna ne kawai, mutumin nan bai san komai a ƙwallo ba. Na ce kofunan da ake faɗa, da magidanta ya ci su, gardawa masu 'ya'ya biyu da yake sa wa rigar makaranta su aske gemu ranar wasa. Sauran kuwa tsoro ne ke buga masa ƙwallo. Na ba su labarin yadda in an tafi hutun rabin lokaci ana cinmu yake sa mu kwanta rub da ciki a ƙasa mai zafi, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da dorina, har sai rigunanmu sun manne da baya. Yana da usur na ƙarfe a igiya, in ka ba da ƙwallo ba daidai ba sai ya lilo shi ya sakar maka a ka. Na duƙar da kai na nuna musu tabon da ke bayan kunnena.

Alhaji ya ce, "Injiniya, sha shayinka, yana hucewa."

Ban sha ba. Mutumin Kumasi yana ta cewa in ci gaba, ni kuma na samu masu sauraro. Sai na ɗauko labarin da ya fi kowanne muni. Wani wasan kusa da na ƙarshe golanmu na farko ya kwanta zazzaɓi, aka sa Likita a raga, lokacin yana ɗan siriri kamar kara. Ƙwallo mai sauƙi ta zo, ta sulluɓe tsakanin hannuwansa ta shige, aka fitar da mu. Muna komowa makaranta kocin ya tara mu a bayan ɗakin ajiye kaya. Ya ce, "Kai, wancan, zo nan." Haka yake kiransa kullum, ban taɓa jin ya ambaci sunansa ba. Ya sa shi ya shimfiɗa hannun dama a kan benci, ya zaro sandar tutar kwanar fili, ya shiga dukan yatsun. Muna tsaye muna ƙirgawa a zuci. A wajen na bakwai muka ji wani ƙas, yatsu biyu suka karye, bai tsaya ba sai da ya ƙara uku. Sai fitsari muka ga yana bin ƙafar yaron.

Alhaji ya sake cewa, a hankali, "Injiniya, na ce ka sha shayinka."

Ni a raina kare Likita nake yi, ina karɓar masa haƙƙin da bai taɓa nema ba. Yana zaune a gefena, sai na kamo hannunsa na ɗaga sama kowa ya ga yatsun nan biyu da suka warke a karkace. Na ce ga shaida nan, wanda ke musu ya tambaye shi.

Ya ce, "Yaya, sakar min hannu."

Na ce, "Ba zan saka ba sai sun gani. Kocin nan mugu ne, jahili. Wallahi ranar da na ji ya mutu ko Allah ya jiƙansa ban ce ba."

Ban ga tahowar kofin ba. Na gilashi ne, yana hannunsa na hagu da shayi a ciki, a kan girata ya fashe. Zafin shayin na fara ji kafin na yankan. Jini ya rufe min ido ɗaya, sai kawai na ji kaina a kansa. Na sa masa goshi a baki, na ji haƙoransa sun shige fatar kaina. Muka faɗa kan tiren abinci, kwanon miya ya kife a kafet. Na samu wuyansa na shaƙe da hannu biyu, da niyyar kada in saki. Shi kuwa yana ƙasa yana ta kai min naushi a hanci, ɗaya bayan ɗaya a wuri ɗaya, har na ji wani abu ya goce a ciki. Abin da ya fi tsorata ni daga baya shi ne duk wannan bai yi ko tari ba, idonsa a buɗe yana kallona. Mutumin Kumasi ne ya rungumo ni ta baya ya ɗaga ni sama kamar buhun gero, ya fita da ni ƙafata na shure-shure. Farar rigata ta Juma'a ta zama ja har ciki.

Mutumin Kumasin ne ya karɓi makullin motata ya ja mu zuwa asibiti, Alhaji ya tsaya a gida yana riƙe da Likita. A hanya ina danne da hulata a goshi, mutumin Kumasi yana ta magana da irin Hausarsu.

"Maigida, in mun je ka ce ka faɗi ne a bafrum. Khalas, shi ke nan. Ka san ƙasar ga. Mutumin ga na da yara."

Na ce, "Ni ba ni da yara? Ido ya so ya cire min."

Ya roƙe ni har ƙofar asibiti. Amma fushi ya riga ya rufe min ido. Abin da ke cina ba ciwon ba ne, wai ni da na tsaya masa shi zai fasa min kofi a fuska a gaban mutane, kuma ƙanena a makaranta. Nas ta tambayi abin da ya faru, na ce dukana aka yi. Ana cikin ɗinke min gira ɗan sanda ya shigo da takarda. Na faɗi sunan Likita, na faɗi inda yake aiki, har unguwarsu na kwatanta. Na sa hannu, ina jin daɗin abin da na yi.

Bayan la'asar Alhaji ya iso. Ya zauna a bakin gadon ya dubi fuskata, ya tambayi me na gaya musu. Na gaya masa. Ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana kallon takalmansa.

Ya ce, "Kocin nan mahaifinsa ne."

Na ce ba zai yiwu ba, sunan mahaifinsa daban ne, garinsu ma daban.

Ya ce, "Ɗan fari ne. Ana yaye shi aka ba ƙanen uban riƙo, da sunansa aka sa shi makaranta. Mutanen wancan zamani wa ka taɓa ji ya kira sunan ɗansa na fari a bainar jama'a? Ko kallonsa ba ya yi. In kuma zai hukunta shi sai ya ninka, kada a ce ya nuna sonkai."

Na ce, "To Alhaji me ya hana ka gaya min?"

"Shi mai uban, shekara nawa yana zaune ana yi bai faɗa ba, ni zan faɗa a gabansa? Sau biyu na ce ka sha shayinka."

Mahaifina ma har ya bar duniya bai taɓa kiran sunan babban wanmu ba, “kai” yake ce masa, ko ya aiki ɗayanmu ya kira shi. A cikin wannan al'ada na tashi. Shekara biyu ina jin “kai, wancan” a fili, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar Lahadi da sassafe na je ofishin 'yan sanda da hanci a naɗe, na sa hannu a takardar janye ƙara. Jami'in ya buga hatimi ya ce khalas, suka saki Likita bayan ya kwana biyu a hannunsu. Na ɗauka an gama. Ashe labarin ya riga ya isa wurin aikinsa. Likitan yara da aka rubuta ya fasa wa mutum kofi a fuska, ba su tsaya dogon bincike ba, suka dakatar da shi, da kwantiraginsa ya ƙare suka ƙi sabuntawa. Sau uku ina zuwa ofishin shugabansu ina cewa ni na jawo, ni na tsokane shi. A zuwa na uku ko shiga ba a bar ni na yi ba.

Da aka rufe makarantu Likita da iyalinsa suka fara haɗa kayan komawa gida. Na daɗe ina kewaya layinsu a mota kafin wata safiya na yi ƙarfin hali na ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe. Leɓensa ya warke da ɗan tabo. Falon duk kwalaye ne, ya share min kan ɗaya na zauna, ya kawo ruwa. Na ce ya yafe min. Ya ce shi ya fara ɗaga hannu, shi ya kamata ya nemi gafara. Na ce da na san ko wane ne da ban buɗe baki ba.

Ya ce, "Yaya, ba ka yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Bai iya koci ba, duka ya iya. Na fi ka sani. Duk ranar da aka kushe shi a majalisa ina ji, ban taɓa musawa ba." Sannan ya ce, "Addu'ar da ka ce ba ka yi masa ba ce ta tsaya min. Ni na yi masa wanka."

Na buɗe hannu a wurin na ce Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Ya ce amin, ya shafa.

Muna zaune autarsa ta fito, 'yar shekara bakwai ko takwas, riƙe da kayan makarantarta a goge. Ta gaishe ni ta durƙusa, sannan ta tambayi babanta ko ta bar su a durowa ne, tunda za ta sa in an dawo hutu. Ashe ba su gaya mata ba. Ya kalle ta, bai kalle ni ba, ya ce ta sa su a kwalin da ke bakin ƙofa. Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin ba. Ta ninke su da kyau ta sa, ya ja salatif ya rufe, ya ce in kama masa mu kai mota.