Watan da Babana Ya Gani

Babana ɗan doka ne, irin 'yan sandan zamanin En'e masu kulki. Ranar da aka sauke tutar Turawa a Yelwa yana cikin masu fareti, kuma har ya tsufa abin da ya fi tunawa da wannan rana shi ne yadda takalmi ya matse masa ƙafa. A gida ba ka ce shi ne mai kama ɓarayi ba. Shi ke zama da mu a tabarma yana cire mana ƙayar kifi da yatsunsa, mu duka mata, Inna na yi masa tsiya wai ya mai da mu 'ya'yan sarauta. Abu guda ne ba ya wasa da shi, wato maganar bakinsa. In ya ce ya gani, to ya gani, kuma daga Wara har Ngaski an san shi da haka.

Da aka zo gina madatsar Kainji, aka ce garinmu na bakin Kwara zai tashi. Tun da Baba ɗan gari ne, kuma yana jin Gunganci, yaren mutanen bakin kogin, shi aka haɗa da masu awon ƙasa ya riƙa yi wa mutane bayani. Dattawa suka haƙura da gidaje da lambunan albasa, amma suka tsaya kan maƙabarta da ke bisa tudu. Masu awo suka kafa wani turke mai jan fenti can ƙasa da kaburbura, wani babba da ya zo a mota ya nuna wa Baba shi, ya ce nan ruwa zai tsaya. Baba ya sake tambaya, aka sake tabbatar masa. Sai ya juya wajen dattawa ya dafa ƙirji ya ce, "Ruwa ba shi wuce turken ga. Ni nac ce muku." Mahaifinsa ma a wannan tudun yake kwance.

Ruwa ya taso, ya shanye turken, ya shanye tudun.

Har yau in na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya ɓaci. Mai motar nan ya koma inda ya fito, ko sunansa babu wanda ya riƙe. Masu awo suka naɗe igiyoyinsu suka yi gaba. Aka bar jaki ana dukan taiki. Da zaginsa mutanen gari suka yi ma da sauƙi, sai suka laƙaba masa suna, Kofur Turke. In ya dubi hadari ya ce za a yi ruwa, sai wani ya ce, "To, a baza shanya, Turke ya yi magana." Mutumin da nasa uban ma ruwan bai bari ba!

Bayan an haɗe 'yan doka da 'yan sandan gwamnati ya ƙara 'yan shekaru, ya ajiye kaki. Inna ta yi ta roƙonsa mu zauna Yelwa, ya ƙi. Ya dawo sabon garin da aka gina mana, cikin ɗakunan simintin nan masu zafi kamar tanda, ya kama lambun albasa a bakin tabki. Ya ce ba ya nisa da inda babansa yake.

Shekarar da na zo gida wankan jegon ɗana na fari, ranar duban watan azumi ta same shi a lambu. Rana ta faɗi, yana tsaye da wani masunci da ke gyaran koma, suka ga jinjirin wata siriri a saman ruwa. Suka nufi gidan liman, domin a lokacin ta bakinsa labari ke isa ga hakimi. Baba bai taɓa gaya mana abin da aka yi can ba, matar masuncin ce ta kawo mana shi washegari.

Liman ya saurare su, ya dubi masuncin ya ce, "Adalai biyu aka biɗa. Ga guda mun samu."

Baba ya ce, "Malam, ga ni tsaye."

Liman ya ce, "Kofur, kai ma ka san abin da yaf faru. Jama'a ba su ɗaukar azumi bisa bakinka."

Wani daga bayan sahu ya ce ko dai jan turke ya hango a sama. Aka yi dariya a ƙofar gidan liman, a gaban tsohon da ya yi shekaru yana tsare musu dukiya.

Baba ya shigo gida ya ce wa Inna ta tanadi sahur. Ta ce, "An yi shela?" Ya ce, "A'a. Ni dai na gani." Inna ta hura wuta, ta ɗauki azumi tare da shi. Ni ina jego ba halin in yi, kuma wannan ya ƙona mini rai ƙwarai. Washegari gari ya wuni yana ci yana sha, ƙamshin miya na tasowa daga kowane gida, Baba na can yana ban ruwan albasa da busasshen baki.

Da magariba ta yi, wata ya fito ɓaro-ɓaro, ya daɗe bai faɗi ba. Har yara sun ce wannan na kwana biyu ne. Daga baya labari ya zo cewa Yelwa da Shanga rana ɗaya da Baba suka ɗauka, garinmu ya rama kwana guda bayan Salla. Na zauna ina jiran in ga wanda zai tako zaurenmu ya ce, "Kofur, yi haƙuri." Ko mutum ɗaya bai zo ba.

Daga ranar Baba bai sake duban wata ba. Duk yammacin da jama'a suka fita bakin tabki suna ɗaga kai, shi yana tsakar gida ya ba yamma baya. Da ɗana ya yi wayo yakan ja hannunsa ya ce, "Kaka, taho ka ga wata." Sai Baba ya ce, "Idona ya tsufa, ɗan nan." Alhali shi ke zura wa Inna zare a allura.

Ranar da ya rasu, bayan an dawo daga kai shi, maza suka cika ƙofar gida. Ina ciki wajen mata na ji muryar limamin nan, ya tsufa amma muryar na nan. Ya ce, "Mun shaida, wanga bawan Allah bai taɓa ƙarya ba." Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun shaida."

Na miƙe. Inna ta kama gefen zanena, na zame, na tsaya bayan asabarin zaure na ɗaga murya.

"Malam, ashe kun sani?"

Na ƙara ɗaga murya.

"Ran da yat taho muku da wata, kun sani?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Haƙuri, ɗiyata. A yi mishi addu'a."

An yi ta faɗa a gari cewa ɗiyar Kofur ba ta da kunya, ta yi wa liman tsawa ranar makoki. Su faɗa. Suka ɗaga hannu suka shafa Fatiha, ni kuwa hannuna ya ƙi ɗaguwa. Sai da na ji sawun na ƙarshensu ya bar ƙofar gida, sannan ni da Inna muka yi masa tamu addu'ar, mu biyu.