Tsibin Ƙasar da ke Bayan Ɗakin Balki

Damanar bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Balkisu, matar yayana Garba. Ina 'yar shekara tara lokacin. Kafin kowa ya ambaci wata cuta, agwagin Inna na fara gani. Na fito shara da safe, na tarar da uku kwance gindin tsibin ƙasar da ke bayan ɗakin Balki, wuya a murɗe, ba yanka ba cizo. Na kira ta. Ta leƙa ta ce, "Ke Rabi, kwashe su kahin Inna ta gani, ta ce mu munka taka su." Mun yi dariya. Amma na kasa shan kununa ranar.

Balki 'yar Gummi ce, a bakin gulbi ta tashi. Can, in ruwa ya ja baya ya bar gaɓa da laka mai santsi, yara kan hau ɓallen katakon jirgi su zamo tun daga sama har cikin ruwa. Ta ce ko cikin maza ba wanda ya taɓa riga ta isa ƙasa, kuma a tsaye take yi. Aure ya kawo ta tungarmu a ƙasar Anka, ba gulbi, ba gangare, ba fita. Sai zamanin zinari ya zo. Maza su kawo dutse daga rami, mata su daka, a wanke, ragowar ƙasar a zuba bayan ɗaki. Kafin shekara ta kewayo tsibin ya kusa kamo katanga. Kowa juji yake kallo. Ita gaɓa ta gani.

Maza na tafiya rami, Inna na fita unguwa, sai ta watsa wa tsibin ruwa, ta ɗaure zane tamau, ta taka murfin tsohuwar ganga, ta buɗe hannuwa ta sulalo. Ni a zaune nake yi, da ɗiyarta Ummi a cinyata, 'yar shekara biyu. Mu iso ƙasa baki duk ƙasa, ita kuwa tana ta tsiya: "Ƙanwar miji matsoraciya! Tashi tsaye mana, bokon nan mi ta koya maki?"

Sati uku bayan agwagin, Ummi ta fara amai, sai jijjiga. Ba ta kwana uku ba. Ba gidanmu kaɗai aka yi makoki ba a waccan damanar. Balki na da cikin wata bakwai, ita ma jijjigar ta kama ta, ta cika a mota kan hanyar Anka. Daga baya likitoci suka zo suka ce dalma ce a cikin dutsen, aka kankare ƙasar gidaje, aka kwashe tsibin. Ba wanda ya auna jinin Balki, don haka ba zan ce ga abin da ya kashe ta ba. Ni ma ba a auna nawa ba, na wuce shekarun yaran da aka fi ji wa tsoro, ban kuma faɗa wa kowa wasan da muke yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu, haka ake cewa don a yi mana uzuri. Na karɓi uzurin dominta. Domin kaina har yau ban gama karɓa ba, ni na riƙa rungumar Ummi.

Kwanaki na ga wani bidiyo a waya, wasu mutane sanye da manyan riguna suna gangarowa daga dutsen ƙanƙara, kowa da dogayen katakai ɗaure a ƙafa. Na san abin da Balki za ta ce: "Da sanda har biyu a hannu? Wanga ai wasan tsohi ne." Ban san me za ta ce game da sauran ba. Har gobe ana tonon zinari, hanyar Gummi kuwa sai an tambayi labari kafin a hau ta.

Yanzu ina aure a Bukkuyum, da cikin wata biyar. Tun a sakandare malamarmu ta kiwon lafiya ta ce dalma ba ta barin jiki, ƙashi take shiga ta kwanta, ciki ne ke tayar da ita ta bi jini zuwa ga ɗa. Na rubuta a jarrabawa na ci maki. Sai da ɗan ya motsa a cikina na gane da ni ake. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ciwon kai kaɗan, sai in zauna ina kallon yatsuna ko sun fara rawa.

Na je asibiti a Anka. Malamar asibitin ta tambaya ko na taɓa aikin dutse. Na ce ban daka ba, amma na ci ƙasarsa. Na faɗa mata duka, karo na farko a rayuwata. Ba ta yi faɗa ba, ta ɗebi jini, ta ce in dawo ranar Alhamis.

A kwanakin jiran na yi ta auna abin da Balki ta bari. Ba ɗa, ba hoto, kayan ɗakinta sun koma Gummi. Abu biyu na samu. Ɗaya, ita ce babba ta farko da na ga tana murna ba don biki ko salla ba. Na biyu, watakila, yana cikin ƙashina. Na kasa raba su, wuri ɗaya na samo su.

Ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, malamar ta kira sunana. Ta duba takarda, ta dube ni.

"Akwai 'yar kaɗan, amma ba ta kai ta taɓa ki ko ɗanki ba. Ki ci gaba da zuwa awo."

Na ce ta sake faɗa.

"Rabi, lahiyarki lau. Tashi ki tai gida, akwai mutane bayanki."

Na ci gaba da zama ina kallon takardar. Ta bar ni a kujerar, ta kira ta gaba, suka yi maganarsu a tsaye.