Awarwaron Takarda da Na Sayo a Maigatari

Laifina ne, ba na ɗan kasuwar Maigatari ba. Shi ya faɗa mini gaskiya, ni na saya.

Yayata Larai ta ba ni kuɗin adashenta in kai 'ya'yanta uku sabon wurin wasan yara na Gumel da Sallah. Tikitin wurin awarwaro ne na takarda, ana saye tun kafin ranar, a manna a wuyan hannu.

Maigatari

Na bar Gagarawa Tasha ranar Alhamis bayan asuba, a motar 'yan awaki. Maimakon in sauka Gumel, sai na wuce kasuwa, don na ji ana samun mai araha. Bayan rumfar masu waya na sami mutumin.

"An taɓa sawa," in ji shi. "Da reza aka yanke, na liƙe da ƙaro. Wa zai duba, yallaɓai?"

Na sayi uku. Rarar na ɗinka riga da ita.

Ɗanzomo

Kashegarin Sallah na isa gidan Yaya da hantsi. Hajara, babbarsu, ta yi lalle. Tagwayen ƙannenta tun daren jiya suka ƙi cire takalmi. Na zura musu awarwaron. Da muka shiga motar Gumel, direba ya dube su ya ce, "Kai, manyan baƙi! Ku matsa musu." A shingen hanya ma hannu suka ɗaga wa jami'in ya gani, ya yi dariya ya buɗe.

Gumel

Tun daga cikin adaidaita muka hango abin. Wata taya ce ta ƙarfe a tsaye, ta fi hasumiyar masallacinmu tsawo, kujeru rataye a jikinta cike da mutane, tana juyawa a hankali kamar tana ɗebo ruwa daga sama. Na ce subhanallahi. Hajara ta kama rigata. "Kawu, daga can ana ganin Nijar?"

Aka kira azahar, na ce mu yi salla tukuna. Ban tuna ƙaro ba ya son ruwa ba. Suna wanke hannu, awarwaron suka saki, ɗaya bayan ɗaya, suka faɗa cikin ruwan alwala.

Matar da ke ƙofa ta juya su a tafin hannunta. "Malam, waɗannan an riga an shiga da su." Ba ta ɗaga murya ba.

Abin da ke aljihuna kuɗin tikitin mutum biyu ne. Kafin in buɗe baki Hajara ta ce, "A shigar da su Hasan. Ni dama tsoro nake ji."

Ba tsoro take ji ba. Muka tsaya bayan shingen waya, ni da ita. Tayar ta ɗauki tagwayen ta kai su can ƙoli, suka zama kamar tsuntsaye biyu, ihunsu na saukowa. Duk zagaye sai ta ɗaga kai, bakinta a buɗe, har aka tsayar.

Gida

Mun iso Ɗanzomo lafiya da magariba, alhamdulillahi. Yaya ta tambayi Hajara yadda sama take, ta ce, "Da kyau, Inna."

Na durƙusa a tsakar gida. "Yaya, ba ta hau ba. Na jabu na saya, na ci kuɗinki." Na juya wajen yarinyar. "Hajara, Kawunki ya cuce ki. Ki yafe mini."