Kujerar Inna mai shan rana

Inna tana da kujera 'yar tsugunno ta icen kirya, wadda ta girmi dukanmu. A kanta take tuƙa tuwo, ita kuma take dafawa in za ta miƙe. Wata asuba ta shiga madafi cikin duhu, ta yi tuntuɓe da ita, ta faɗi. Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ta gurje, amma kujerar ta bugi dutsen murhu ta tsage har ƙafa.

Babban yayanmu ya zo daga Birnin Kudu da maganarsa a shirye: zaman ƙauyenmu Yalwan Damai ya ƙare, Inna ta koma gidansa. Ita kuwa ta ce muddin tana iya zama ta dafa abin da za ta ci, ba inda za ta. Na sayo mata kujerar roba, ta ce ta yi tsawo. Na sayo ta katako, ta ce tana rawa. Ni dai na san tsoro ne ya kama ta, kuma ni ma ya kama ni, don Inna a benen Yaya ba za ta yi wata guda da walwala ba.

Autanmu yana jami'a a Kano, yana bincike kan wani irin ƙaro na zamani. Ruwa-ruwa ne kamar zuma, in an haɗa shi da maganinsa sai ya daskare ya yi tauri. Shekara biyu muna yi masa tsiya cewa an tura shi karatu ya ɓige da dama kunu. Matsalarsa ɗaya ce. In ya zuba garin da ke sa ƙaron haske a duhu, sai ya riƙa karyewa. In ya rage garin, ƙarfi ya dawo, haske ya tafi. A lokacin yana gwada ƙara wani gari dabam, wai nano, wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, don ya riƙe ƙaron ta ciki.

Ya zo da kwalabensa a kan acaɓa, ya sa takunkumi da safar hannu, ya kore mu gefe. Ya daɗe yana juyawa, don in garin ya yi gudaji, nan wurin ne zai fara tsagewa. Ya ɗura a tsagar, ya shafa zobe a gefen mazaunin, ya ɗaure da igiya.

"Inna, kullum a fito da ita ta sha rana," in ji shi. "Abin da ta sha shi za ta ba ki."

"To, na samu akuya ta biyu," in ji Inna.

Bayan ta bushe, muka shanya ta, da la'asar muka kai ta madafi muka ja ƙyaure. Sai ga kore-kore a ƙasa, zobe da layi ɗaya a karkace. Ba haske ne na a zo a gani ba, amma mai raunin ido ba zai taka ta ba. Daɗi ya cika ni.

Yaya ya dawo ranar Juma'a. Mutum ne mai jiki, masha Allah. Ya juya kujerar, ya ƙwanƙwasa, sannan ya tattare babbar riga ya zauna da dukan nauyinsa. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Auta ya kau da kai, ni kuwa ina ta salati a zuci. Kujerar ko ƙara ba ta yi ba.

"Alhaji, in ka gama, ɗaga min," in ji Inna. "Ruwana ya tafasa."

Ya ɗaga mata, ya tafi. Sati na zagayowa sai ga magini ya yi sallama, wai Alhaji ne ya aiko shi ya rage wa Inna tudun dokin ƙofar madafi.