Ranar da Na Goyi Inna Zuwa Kan Dutsen Tsohon Gari

Shekarun baya na goyi mahaifiyata a bayana, na hau da ita kan wani dutse a tsakiyar ruwa, don ta ga fuskar ƙanena a cikin waya. Lokacin ne aka fara kawo sabis ɗin nan na 3G wajenmu.

Ni masunci ne. A wani gungu nake, tsakanin Warra da Yelwa, ruwa ta ko'ina. Ban yi boko ba. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni ɗan fari, sai auta. Wata ranar kasuwa muna dawowa daga Yelwa jirgi ya kife da mu. Kaya sun yi yawa, iska ta taso, ƙanena ke riƙe da inji. Ni na kama wata jarka na fita. An tsamo gawarwaki, ba a ga tasa ba. Aka yi masa addu'a, aka yi sadaka, aka rufe maganar. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara sa ƙafa cikin jirgi ba, ko na biki ko na gaisuwar mutuwa.

Bayan shekaru, wani ɗan garinmu mai kai bandar kifi Kudu ya gan shi yana dako a wata kasuwa a Legas. Ya ba shi lambar ƙaramar wayata. Ina gyaran koma, tarun kamun kifi, a bakin gaɓa ta yi ƙara.

"Yaya, ni ne."

"Kai wa?"

"Auta."

Ya ce ruwa ne ya ja shi can gaba, ya fita da rai. Da ya ji kukan mutane daga nesa, ya tuna shi ke tuƙi, sai tsoro ya sa ya bi hanya bai waiwaya ba.

Na ce, "Ka kyauta. Dawo gida."

Ya ce, "Sai Inna ta ce in zo. Da bakinta."

Na kai mata wayar yana kan layi. Tana jin muryar ta ja da baya, ta toshe kunne. A wajenmu, in ka ji muryar wanda ruwa ya ci tana kiranka, ba ka amsawa. Haka muka taso muka tarar. Malamai sun yi wa'azi a kai, tsofaffinmu ba su bari ba.

Ta ce, "Ɗauke min wagga aba. Ba ni amsa kiran ruwa."

"Inna, Legas yake. Mai banda ya gan shi."

"Idon mai banda ba nawa ba ne."

Shi ke nan aka tsaya. Shi ba ya zuwa sai ta kira shi, ita ba ta kiran murya sai ta ga fuska. Ga yanar ido ta riga ta rufe mata ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Na san in na yi sanyi, idon zai riga mu.

Ana haka na ji labari a kasuwar Yelwa cewa an kawo sabon sabis, kana magana da mutum kana ganinsa. Na ɗauka zancen 'yan acaɓa ne. Na shiga wani shagon waya. Mai shagon ya ɗauko wata ta hannu, mai ɗan ido a gaba, ya kira maƙwabcinsa. Sai ga fuskar mutumin a gilashi yana tauna goro. Na leƙa waje, ga shi can a zaune yana tauna goron. Ban yi ciniki mai tsawo ba. Na sayar da taruna mafi kyau, na dawo na karɓi wayar da sabon layi.

Da yake ba na karatu, ya nuna min alamar da ke saman gilashi. Ya ce, "Ka ga ukun nan da wannan mai kama da ƙugiya? In su ne, ya kama. In ka ga mai kama da mataji, murya kawai za ka samu."

Abin da bai faɗa min ba, sabis ɗin a bakin gari yake ƙarewa. Jirginmu bai yi nisa da tasha ba ƙugiya ta ɓace, mataji ya fito. Har gida mataji. Kasuwa ta gaba na koma masa.

Ya ce, "Haba malam, ai sabon abu ne. Ƙarfen sabis na garin nan kaɗai ke da shi. Kira kamfani."

Na kira. Wata mata a cikin wayar ta yi ta cewa in danna kaza, in danna kaza, ba ta sauraron abin da nake faɗi. Na gaishe ta ma ba ta amsa ba. Daga baya na gane ba mutum ba ce. Ranar da na samu mutum na gaske, ya tambaye ni sunan titinmu. Na ce ba titi, ruwa ne. Ya ce in yi haƙuri, suna kan aiki. Na ce ni ma ina kai.

Kai Inna Yelwa ba ya cikin lissafi. Tafiyar da nisa, kuma dole a bi ta inda jirgin ya kife. Sai na ce tunda abin nan yana fitowa daga gari, dole akwai inda yake faɗowa kusa da mu. Na sa wayar a leda, na rataya a wuya. Kullum in na fita su, rabin hankalina na kan kifi, rabi na kan gilashi. Batir ba ya daɗewa in tana neman sabis, sai in ba masu jirgin Warra su kai min caji.

Abokina, wanda muke fita jirgi ɗaya, ya samu abin dariya. Yana cewa, "Kowa da ƙugiya yake neman kifi, kai ka bar kifi kana neman ƙugiya. Ko mu jefa mata tsutsa?"

Na ce, "Tuƙa."

Lokacin sanyi ne muka same ta, ruwa ya cika maƙil. Akwai wani dutse da muke ce wa dutsen tsohon gari, don a nan garin su Inna yake kafin a yi dam ruwa ya shanye shi. Daga gungunmu ana hango wurin. A cikar ruwa kansa kaɗai ke fitowa, bai fi tabarma faɗi ba. Mun ɗaure jirgi a jikinsa za mu ci abinci, na duba wuya, sai ga uku da ƙugiya. Na kira mai shago, ya fito a gilashi yana ɗaga hannu. Abokina ya kusa faɗawa ruwa.

Na yi abin da masunci ke yi in ya samu ramin kifi. Na kafa ƙarfe a tsagar dutsen, na ɗaura masa jan tsumma. Na daidaita wurin da wata giginya a gaɓa. Na ce shi ke nan, na kama shi.

Sai dai ƙanena bai da irin wayar. Ɗan dako ne, sai da ya tara kuɗi. Da ya samu, na tafi Yelwa na kira shi, na gan shi da idona. Ya rame, ya yi furfura kafin ni. Na dawo na ce wa Inna na gan shi. Ta ce idona ma ba nata ba ne. Na yi ta binta, ba na roƙo, kullum dai in na gaishe ta sai in ce jirgi na nan. Har bazara ta shigo. Wata safiya ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Sau ɗaya zan shiga. Daga shi ba ni ƙarawa."

Da hantsi muka fita, ni da ita da abokina. Ta zauna a ƙasan jirgi, ta runtse ido, tana jan carbi. Na riga na gaya wa ƙanena ya zauna wuri ɗaya da wayarsa a hannu. Muka isa dutsen. Na daidaita giginya, ga ta daidai. Na buɗe leda. Mataji.

Muka zagaya dutsen. Mataji. Muka matsa gaba, muka dawo. Na kashe wayar na kunna. Na goge ta da riga. Na ɗaga ta, na girgiza ta kamar mai laifi. Batir yana sauka, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Inna ta ce, "Mai da ni gida. Na gaya maka ruwa ne ke wasa da kai."

Na ɗaga kai don kada su ga fuskata. Sai na hango jan tsummana, ya koɗe, yana kaɗawa can sama, ya fi rufin masallaci tsawo. A nan na gane wautata. Kowane yaro a gungu ya san ruwan nan yana sauka da bazara. Ni ma na sani. Amma na ɗauki sabis kamar kifi, na ce yana rami ɗaya ba ya tashi. Ranar da na same shi, ruwa ne ya ɗaga ni har kan dutsen. Yanzu ruwa ya sauke ni gindinsa, tudun gaɓa ya tare tsakanina da gari.

Na ce su jira. Na hau ni kaɗai har inda ƙarfen yake. Uku da ƙugiya. Na sauko.

"Inna, sai kin hau."

"Da waɗanne ƙafafu?"

"Da nawa."

Ku gane, ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce min, ko "wanga". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta yabona a gaban mutane. Kunya ce, haka ake yi. To wannan matar ce nake cewa ta hau bayana.

Ta ce, "Mi ka ce? Kai ba ka da kunya? Uwarka za ka goya?"

Na ce, "Ke kika fara."

Dariya ta ƙwace wa abokina, ya juya baya yana tari. Inna ta juya idonta mai gani wajen hadari, ta juyo. Sai ta cire mayafinta ta miƙo min.

"Ɗaure da kyau. Ba a goyo sako-sako."

Na durƙusa, abokina ya taimaka ta hau, na ɗaure mayafin a ƙirji kamar mai jego. Ba ta da nauyi. Kwandon banda ya fi ta. Wannan ya fi hawan yi min ciwo. Dutsen da santsi, gansakuka ta bushe a kai, ɓawon kawa yana yanka tafin ƙafa. Na hau da hannu da gwiwa. A tsakiya ƙafata ta zame, ta ƙanƙame wuyana har numfashi ya ɗauke.

Ta ce a kunnena, "Bi ta dama. Akwai matakala. A nan muke shanya dawa muna 'yan mata."

Na bi ta dama. Matakalar na nan.

A sama na sauke ta kusa da ƙarfen, na kira ƙanena. Ya ɗauka. Hoton ya fito yana kakkaryewa, fuska ta zo, ta watse, ta dawo. Baki ya motsa, murya ta biyo daga baya. Inna ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta.

Ya ce, "Inna. Inna, ni ne."

Ba ta amsa ba. Ni ta ce wa, "Ce masa ya juyo kunnensa na hagu."

Yana ƙarami ƙugiya ta taɓa tsaga masa kunnen nan, ita ta yi jinyarsa. Na faɗa masa. Ya juya kai, ya kawo kunnen kusa. Daidai nan hoton ya daskare. Wannan daskarewa ita nake ta zagi tun da na sayi wayar. Ranar ita ta yi mana aiki. Kunnen ya tsaya cak a gilashi, da tsagarsa, har idon Inna ya gama dubawa a hankali. Ta sa yatsa ta shafa wurin.

Ta ce, "Ɗan banza." Muryarta ta karye. "Ɗan banza, ka bar ni ina maka sadaka. Taho gida."

Gilashi ya yi baƙi. Batir ya ƙare.

Na sake goya ta muka sauko. Mun shiga gungu iska na tasowa a bayanmu. Ba wanda ya san ko ƙanena ya ji maganarta ta ƙarshe. Da yamma ya kira ƙaramar wayata, ya ce, "Yaya, 'ɗan banza' kawai na ji, sai na san Inna ce. Me ta ce bayan nan?" Kafin in buɗe baki ta miƙo hannu. Ta karɓi wayar da ta ƙi taɓawa, ta sa a kunne, ta maimaita masa da kanta.

Bai iso ba sai bayan damina, don sai da ya sallami ubangidansa. Kafin nan ɗaya idon ma ya rufe. Da hannu ta lalubi kunnensa a ƙofar ɗaki. Ganin da ta yi masa a kan dutse shi ne na ƙarshe. Dangin waɗanda suka mutu a jirgin, wasu sun zo sun gaishe shi, wasu har yau ba sa amsa sallamarsa. Yana zaune da hakan. Inna ta yi shekaru tana jin motsinsa a tsakar gida kafin Allah Ya karɓe ta.

Ba na jin haushin masu sabis. Sun sayar min da abin da bai gama isowa ba, ni kuma na je na tarye shi a hanya. Abin da ya zauna min shi ne, da na tsaya jiran su gama aikinsu, da ta mutu tana ganin ruwa ne ke kiranta. Sunana kuwa har ta rasu ba ta faɗa ba. Amma in ta ji ana zancen goyo, sai ta ce, "Wanga ya iya."

Yanzu sabis ya kai har cikin ɗakina. Ina gungunmu, ina su, ƙanena ke riƙe min inji. Ƙarfen yana kan dutsen, duk shekara in ruwa ya cika ina canja masa tsumma.