Zumar Hizam da Ranar da Gahawa Ta Huce

Mushabbab ɗan Safar yana ciki wata shida aka kashe ubansa. A kan ruwa ne, kamar yawancin faɗanmu a duwatsun Asir, a kudancin Saudiyya. Safar ya buɗe wa gonarsa ruwa ranar da maƙwabcinsa Ayid ke ganin tasa ce, magana ta yi zafi, Ayid ya ɗaga ƙotar fartanya sau ɗaya. Alƙali a birnin Abha ya yanke wa Ayid ƙisasi, amma ya ce takobi ba zai sauka ba sai duk magada sun balaga sun nema da bakinsu. Idan ko ɗayansu ya yafe, an wuce wurin.

Saboda haka tun kafin a yanke wa Mushabbab cibiya, ran wani mutum yana hannunsa.

Ni mai zuba gahawa ne a majalisar garinmu, shekara arba'in ke nan. Ban yi karatu mai nisa ba, amma mai riƙe da buta yana jin abin da ake faɗa idan baƙo ya fita. Na ga yadda Mushabbab ya tashi. Kowa yana masa kirki, kuma kowane kirki da akwai inda ya dosa. Dangin ubansa suna nuna masa wuƙar marigayin. Dangin Ayid kuwa sai gaisuwa da sa albarka, musamman Hizam, wan Ayid, mai amya a kwarin magarya. Duk kakar zuma sai ya ajiye kwalba a ƙofar gidan su Mushabbab ya tafi. Da ambaliya ta rushe katangar gonarsu, shi ya ɗebi duwatsu kwana tara ya mayar.

Salha, uwar Mushabbab, ba ta taɓa lasar zumar ba. Takan ce wa ɗanta, "Kai sha idan kana so. Amma ka san abin da ake saye."

Yana shekara goma sha shida, saura kaɗan a gama jira, wansa ya rasu a hatsarin mota ya bar jaririya. Haƙƙin ya koma kanta, aka sake sabon lissafi. Har a nan sai da aka samu masu cewa a duba birkin motar, ko dangin Ayid sun taɓa shi. An duba, ba a ga komai ba, amma maganar ba ta mutu ba.

Mushabbab ya zama makaniki, mutum mai shiru. Idan ka yi masa kyauta sai ya juya ta yana kallonka. Ya fasa aure sau ɗaya don ya gano kakar yarinyar ta haɗa dangi da su Ayid. Ni kaina ya taɓa tambayata, "Baffa, me ya sa kullum kake fara zuba mini?" Na ce don shi ke zama a dama. Bai yarda ba.

Bara 'yar wansa ta balaga, shekara talatin da biyu bayan kisan. Ita da Salha suka je kotu suka nemi ƙisasi. Saura shi. Majalisa ta dagule. Wani baffansa, Mifrih, ya ce jini ba ya tsufa.

Mai gidan burodinmu ya ce, "To wa za a sare, Mifrih? Wanda ya yi kisan saurayi ne mai baƙin gemu. Wanda ke kurkuku yanzu ba ya iya tauna burodina."

Mifrih ya ce, "Ai su Hizam ke sayen rabin burodinka, dole ka ji tausayi."

"Kai kuma gonar Ayid kake hange, tsoho. Mun ga kana auna ta da ido."

Aka yi dariya, amma kowa ya tafi gida da maganar. Haka muke: wanda ya ce a kashe, ana neman abin da zai ci, wanda ya ce a yafe, ana neman wanda ya aiko shi.

Ranar wata Asabar da hantsi Hizam ya zo gidan Mushabbab da dattawa goma sha biyu. Aka kira ni na dafa. Na zuba wa kowa, kowa ya karɓi finjalinsa ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. A wurinmu ma'anar wannan ɗaya ce: ba za su sha ba sai an biya musu buƙata, kuma gahawa ta huce a gabanka abin kunya ne ga mai gida.

Mushabbab ya bar ta ta huce. Ina ganin tururin yana ƙarewa finjali bayan finjali. Can ya ce, "Baffa Hizam, zumar nan da katangar nan, don ni ka yi ko don ƙaninka?"

Dattawa suka fara gyaran murya, suna yi wa Hizam ido ya ce don Allah da tausayin maraici ya yi. Shi kuwa ya dubi ƙasa.

"Don shi, ɗana. Ko kwalba ɗaya ban kawo don kai ba. Duk sanda na ga ka ƙara tsawo sai gabana ya faɗi."

Na ce a raina tsohon nan ya kashe ƙaninsa. Mushabbab ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake wa mai yi masa kyauta. Sannan ya juyo gare ni.

"Baffa, zubar da wannan ka dafa sabuwa. Su sha."

Washegari ya sauka Abha ya sa hannu cewa ya yafe, da sharaɗin kada Ayid ya sake taka garin. Salha ta yi wata uku ba ta yi masa magana ba. Mifrih yana nan yana cewa wani ne ya koya wa Hizam amsar, kuma idan ya faɗa ni yake kallo.

Da kakar zuma ta zo na riƙa bi ta ƙofar gidan ina dubawa. Babu kwalba. Na gaya wa Mushabbab a garejinsa, yana ƙarƙashin mota. Ya ce, "Na gani. Ashe gaskiya ya faɗa." Ya miƙo hannu na ba shi sifana.